Kafin ka ƙara ma motarka wuta: abin da ke fara mutuwa cikin inji da yadda ake tsare shi

Akwai wani fistan, ƙarfen nan da ke hawa da sauka cikin inji, da na aje bisa kanta cikin garejinmu ya yi shekaru, sau nawa yara na son su haɗa shi da tarkacen da ake kai ma masu zubin tukwane ina hana su. Kansa ya tsage tun daga gefe har tsakiya, bakin tsagar ya narke kamar kitsen da anka ɗiga bisa garwashi. Duk wanda ya shigo ya ce "maigida ina son a ƙara ma motata wuta", shi nake fara miƙa mai, in ce riƙe wanga tukuna sannan mu yi magana.

Cikin wata Land Cruiser mai inji 1HZ ya fito. Mai ita yaro ne ɗan wani Alhaji nan cikin gari, ya kai ta wani wuri anka ɗora mata turbo, abin da ke hura ma inji ƙarin iska, anka buɗe mata pampon gazwal, ta dawo tana zabura kamar an tsikari doki, hayaƙi baƙi ƙirin na bin ta baya shi ko daɗi yake ji wai alamar ƙarfi ce. Sati uku ya yi yana ta shawagi da ita. Ranar da ya loda kaya da mutane ya kama hanyar Tasawa da azahar cikin watan Afrilu ƙafarshi ƙasa, bai kai Gazawa ba inji ya fara kakabi, hayaƙi na fita ta bakin zuba mai. Da anka jawo ta uban ya zo da kansa ya tsaya bisa kanmu muna kwance kulas, wato kan inji, ya ce "Malam, mi ya ci mani mota haka? Yaron nan ya rantse mani allurar zahi ba ta ko motsa ba." Na ce Alhaji gaskiya ya gaya maka, allurar nan zafin ruwa take aunawa, wutar da ta narka fistan kuwa babu abin da ke aunata cikin motar ga.

To daga nan nake son mu taso. Duk injin da kamfani ya yi akwai rara da ya bari, wato ƙarfen na iya ɗaukar abin da ya wuce wanda anka rubuta ga takarda, kuma rarar nan ce masu ƙara ƙarfi ke ci. Matsalar mu nan Maraɗi ita ce tun kafin ka taɓa komi garin ya riga ya ci wani abu daga cikinta. Zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ƙurar hunturu, lodin da ya wuce ƙa'ida, man kwalba na ƴan ruwa-ruwa da ba ka san da mi anka gauraya shi ba, ga kuma motar kanta ta gama gajiya a Turai kafin ta sauka tashar Kwatano ko Lome. Bature da ka gani cikin waya yana ninka ƙarfin motarsa, cikin sanyi yake, da mai mai inganci lamba 98, da sabon inji. Kai kuma ragowar rara gare ka, sai ka san nawa ta rage kafin ka kai mata hannu.

Fara da duba lahiyar injin

Wanga shi ne matakin da kowa ke tsallakewa don ba ya da daɗi. A auna kwampireshan na kowace silinda inji na da ɗumi, in wata ta bambanta da sauran da abin da ya wuce kashi 10 cikin ɗari, tsaya nan, gyara ne gabanka ba ƙari ba. Buɗe murfin zuba mai inji na aiki ka aza shi sako-sako, in yana tsalle hayaƙi na bugowa kamar tukunyar dambu to sagiman, zobban jikin fistan, sun gaji, ringi ke nan a bakin mutanen Katsina, kuma turbo zai ƙarasa su ne kawai. A ɗaura agogon awon matsin mai na gaske, kar ka dogara da ƴar fitilar nan ja ta tabulo, ita sai abu ya riga ya ɓaci take kamawa. Abin da masu haɗa inji ke bi shi ne wajen bar 0.7, bar shi ne ma'aunin matsi, ga kowane zagaye 1,000 da inji ke yi cikin minti, auna shi bayan mota ta yi tahiya mai ya yi zafi sosai, don mai sanyi ƙarya yake yi. In gazwal ce a cire anjekta, masu fesa mai cikin inji, a kai su bencin gwaji a gani ko feshi suke ko ɗiga, anjekta mai ɗiga wuri guda kamar wutar walda take bisa kan fistan. Ko 1KD-FTV na Hilux da Prado, wanda ba a taɓa ba ma, an san wasunsu da tsagewar fistan, balle a zo a ƙara mai wuta bisa tsohin anjekta.

Sannan ruwa kafin wuta

Man da inji ke ƙonawa kusan kashi uku yake rabuwa, kashi guda ya tahi ga taya, guda ya fita ta salansa, guda kuma radiyata ce ke kwashe shi. Ke nan duk dokin da ka ƙara ka ƙara ma radiyata aiki kwatankwacinsa, ita ko ba ta girma ba. Ka cire ta a wanke ciki da waje, in rabin bututunta sun toshe da farin gishirin ruwan rijiya canza ta kawai, kuma daga ranar ka daina zuba ruwan fanfo tsura, sa ruwan radiyata na gaske. Murfinta ma ba ado ba ne, shi ke riƙe matsi wajen bar 1 don ruwa ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba, murfin da robarsa ta mutu ya isa ya kashe inji.

Sai maganar kalorista, tamostat. Na san rabin garejin garin ga cire shi suke su yar, wai ƙasarmu da zafi ba ta buƙatarsa. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Injuna da yawa in kalorista ya buɗe shi ne kuma ke rufe ƴar gajeriyar hanyar da ruwa ke kewayawa cikin inji, in ka cire shi sai wani ruwan ya riƙa zagaye nan ciki bai bi ta radiyata ba, ka ga garin neman gira an rasa ido. Kuma da asubar hunturu injin ba ya ɗumama da wuri, yana ta cin kansa. Sa sabo mai kyau. Fanka mai kuloci ita ma a gwada ta, in inji ya yi zafi ba ka ji tana ruri ba to juyawar banza take.

Fistan: gazwal daban, esansi daban

Nan ne zan daɗe, don nan ne mutane ke rikicewa, suna ɗaukar dokar wannan su kai ga wancan.

A injin gazwal, yawan mai shi ke kawo zafi. Ka buɗe dunƙulen pampo ka zuba gazwal fiye da iskar da za ta ƙone shi, sai ya ci gaba da ci da wuta har cikin bututun hayaƙi, baƙin hayaƙin nan da samari ke alfahari da shi kuɗɗinka ne ke fita bai ƙone ba, kuma shaida ce fistan na gasuwa. Alminiyom wajen digiri 660 yake narkewa, tun kafin nan ya yi laushi. Abin da ke tsare fistan shi ne wutar ba ta daɗewa kansa kuma mai na sanyaya shi ta ƙasa, amma in ka riƙe ƙafa ƙasa minti goma da lodi babu sauran hutu. Don haka kafin a taɓa pampo, a huda bututun hayaƙi kafin turbo a sa agogon awon zafin hayaƙi. Ni ba na barin shi ya zauna sama da digiri 700, in anka sa bakin awon bayan turbo kuwa ka sani yana nuna ƙasa da gaskiya da digiri 100 ko fiye, sai ka rage iyakarka. Abin da zai ba ka mamaki, a gazwal ƙarin iska da mai daidai sanyaya wuta yake. Wanda ya kashe waccan Land Cruiser ba don ya sa turbo ba ne, don ya zuba mai da ido ne.

Amma 1HZ ɗin ma a san shi. Lita 4.2 ne silinda shida, wajen doki 130, jaki ne wajen juriya shi ya sa kowa ke son shi tun daga nan har Agadas. Sai dai matsinsa na cikin silinda ya kai ninki 22 da ƴan kai, kuma gazwal cikin wani ɗan ɗaki da ke jikin kulas yake fara kamawa. Toyota da kanta da ta so mai turbo a 1990 ba ta ɗauki wannan ta liƙa mai turbo haka nan ba, 1HD-T ta yi, mai fesa gazwal kai tsaye bisa fistan, ta sauke matsin zuwa 18.6, fistan daban, sannan ta tsaya wajen doki 165. In kamfani da injiniyoyinsa sunka yi wannan wahala don doki talatin da ɗoriya, kai da ka zo da turbon kasuwa sai ka yi tawali'u. Bar 0.5 zuwa 0.7 ya ishe ka, da mai daidai, mota za ta ja lodi cikin rairayi ka ji daɗinta.

Esansi kuma, fetur, akasin haka ne, ƙarancin mai ke kashe shi. Ƙonewa daidai ita ce iska kashi 14.7 ga mai kashi 1, amma lokacin da turbo ke hurawa ana saukowa wajen 11.5 zuwa 12, rarar man nan ita ke sanyaya ɗakin wuta. In pampon esansi ya gaji ko anjekta sun yi ƙanana, sai mai ya gaza daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Nan kiliketi ke shigowa, ƙarar nan kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwani in ka taka mota a babbar giya. Abin da ke faruwa shi ne sauran man da ke lungun silinda ya fashe da kansa kafin wutar buji ta iso gare shi, kamar guduma ake sauke ma fistan sau dubbai cikin minti guda. Wurin da ke fara karyewa shi ne ƴar katangar da ke tsakanin sagiman na farko da na biyu, masu Subaru mai inji EJ25 duniya duka sun san wagga cuta. A mota mai turbo da salansa mai ruri ba lallai ka ji ƙarar ba ma, sai dai ka ga hayaƙi.

Abin da ke jawo shi huɗu ne kuma duk muna da su nan: mai maras inganci, iska mai zafi, abansi da ya yi yawa wato buji ya ba da wuta tun da wuri, da matsi mai yawa. Shi ya sa fayil ɗin da wani zai turo maka ta WhatsApp ya ce a zuba cikin kwamfutar mota nake ce ma mutane su guje shi, an rubuta shi ne don man Turai mai lamba 95 ko 98 da iskar Turai. In za a taɓa kalkilata, kwamfutar motar ke nan, a taɓa ta bisa man da kake sha kullum, mai yi na zaune cikin motar da na'urarsa yana kallon awon iska da mai da kuma yadda kwamfuta ke janye abansi, cikin rana tsaka ba da dare ba. Kuma daga ranar kai da man kwalba kun rabu, ka zaɓi gidan mai guda ka riƙe.

Iska kuwa, in ka matsa ta zafi take. Ranar da gari ke digiri 45, turbo ya matsa ta zuwa bar 1, tana fitowa kusan digiri 140. Intakula, mai sanyaya iskar turbo, shi ke sauke ta, don haka nan ƙasar ba abin zaɓi ba ne, kuma a sa shi inda iska ke bugunsa, ba a ɓoye shi bayan faranti ba. Buji a sa mai sanyi da mataki guda, a NGK da Denso lamba na hawa sanyi na ƙaruwa, a Bosch kuma juye yake, a rage bakinsa zuwa wajen milimita 0.7 don kar matsi ya hure wutar.

Wani abu da ba a cika faɗi ba, bakin sagiman. In ya yi zafi miƙewa yake, shi ya sa ake barin ƴar tazara tsakanin bakunansa biyu. Ƙarin wuta ƙarin miƙewa, in bakunan sunka haɗu babu wurin zuwa sai ya cije silinda ya ɓalle kan fistan. In an buɗe inji don turbo a goge bakin a ƙara tazara, silinda mai faɗin milimita 86 da ke zaune da 0.35 sai a kai ta wajen 0.45 zuwa 0.50, sai dai in mai fistan ɗin ya rubuta nasa awon to bi nasa. Fistan na forje, wato na ƙira, sun fi na zubi jimiri, su lanƙwasa suke kafin su fashe, amma suna son tazara mai yawa, da sanyin safiya za ka ji suna ɗan ƙwanƙwasa.

Ƴan uwa masu kallon Supra cikin waya, injinta 2JZ-GTE bulok ɗinsa, wato gangar jikinsa, baƙin ƙarfe ne kuma tun daga kamfani da turbo biyu ya zo da matsi 8.5. Corolla ɗinka mai 1ZZ alminiyom ce da matsi 10, an yi ta ne don tsimin mai. Sunan Toyota kawai sunka haɗa.

Biyel da kusine

Biyel, kwanrod, ita ce sandar da ke haɗa fistan da bilbirekan, ƙarfen da ke juyawa ƙasan inji, kuma hanya biyu take mutuwa. Ta farko matsi daga sama, turbo ya cika da wuri inji na ƙananan zagaye, ka taka ƙasa a giya ta biyat kana zagaye 1,500, duk ƙarfin ya sauka kanta lokaci guda sai ta lanƙwashe kamar ayaba. Injin 1.8T na Golf da Audi ya yi suna da wannan in anka matsa mai. Maganinsa rabi ga mai saita kwamfuta yake, ya sa ƙarfin ya shigo sannu-sannu, rabi ga ƙafarka, in za ka wuce babbar mota sauko giya guda ka bar inji ya numfasa.

Ta biyu yawan zagaye. Nauyin da fistan ke fizgar biyel da shi ba daidai da zagaye yake hawa ba, ninki yake, daga 6,000 zuwa 7,000 ka ƙara kashi 36 cikin ɗari, kuma ƙusoshi biyun nan da ke riƙe da ita su ke ɗaukar abin. Ranar da guda ya tsinke biyel ta bulok take leƙowa, na ga wanda ramin ya isa ka zura hannu. Don haka in wani ya ce zai cire maka iyakar zagaye, ce mai a'a na gode. In an buɗe ƙasan inji a sa sabbin ƙusoshi masu kyau, irin na ARP in da hali.

Kusine, metal, shi ba ya taɓa bilbirekan in lahiya ake, bisa wani ɗan siririn mai yake shawagi, tazarar wajen milimita 0.05 ce ga wuya mai kaurin milimita 50, bai kai kaurin gashin kai ba. A auna ta da zaren awo na Plastigage, a daina "na ji da hannu". Abin da ke fasa man nan shi ne kiliketi, da zafi, da gazwal ko esansi da ke zurarewa cikin karter, tukunyar mai ta ƙasan inji, ya tsinka shi, da kuma jabun mai, wanda kasuwa ta cika da shi cikin galan mai kyan gani. Mai in ya wuce digiri 120 zuwa 130 ya fara zama ruwa, mai jan lodi ko mai shiga daji ya sa radiyatar mai. Bidanji kuma, juye, raba abin da littafi ya ce biyu, ni motar da anka ƙara ma wuta ba na bari ta wuce kilomita 4,000 lokacin ƙura. Ran juye ka tara man cikin roba mai tsabta ka fita da shi rana ka karkata, in ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinari to kusine ne ke gaya maka ya kusa, sauke karter tun bilbirekan bai ci ba.

Juwan kulas

Gaskit ɗin kai sau da yawa ba laifinsa ba ne, matsi ne ke ɗaga kulas ɗan kaɗan ƙusoshi su miƙe wuta ta samu hanya. Alamunsa, kumfa na tasowa cikin radiyata, tiyo ya yi tauri kamar taya, ruwa na raguwa babu inda ke ɗiga, ko mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Na injin da anka ƙara ma wuta wani lokaci sai ka taka sosai yake tura ruwa waje, cikin gari lahiya lau, kar wannan ya ruɗe ka.

In za a ɗaura: a aza ma kulas da bulok ƙarfen awo a tabbatar sun miƙe, yawanci abin da ya wuce milimita 0.05 sai an kai gyara. Juwan na ƙarfe mai hawa-hawa ya fi, amma yana son fuska mai santsi ƙwarai. Ƙusoshin kulas na injunan zamani da yawa sau guda ake ɗaure su, miƙewa suke, a sa sabbi. A ɗaure da kile mai awo daga tsakiya zuwa waje mataki-mataki, ba a sa ma kile bututu yaro ya hau da ƙafa ba. A gazwal na Toyota kaurin juwan kala-kala ne, ana zaɓensa bisa yadda fistan ya leƙo saman bulok, a auna kafin a aika saye. Kuma duk kankarar da anka yi ma kulas ɗin esansi matsi ta ƙara, ka tuna da shi in za ka sa turbo.

Turbo da ƙura

Shi turbo yana juyawa sama da zagaye 100,000 cikin minti bisa ɗan man nan dai. In ka taso daga Konni ko Damagaram da gudu kar ka kashe mota nan take, ba ta minti biyu tana aiki tsaye, in ba haka ba man da ya tsaya cikinsa soyuwa yake ya toshe hanya. Bututun da ke maido mai ya sauka kai tsaye babu lanƙwasa. Filtar iska kuwa, buɗaɗɗiyar nan mai kamar hula da samari ke sawa don ƙara, cikin hunturun Maraɗi yashi kawai take tacewa ta bar ƙura ta wuce, ga shi iskar zafin cikin kapo take zuƙa. Bar akwatin kamfani da filtar takarda mai kyau, ka riƙa canzawa da wuri. Cire tiyon bayan filta ka shafa yatsa ciki, in ya fito da ƙura akwai inda ke zuƙa, neme shi yau.

Abin da ke bayan inji

Ambirayaj, kuloci, shi ne ke fara kuka, za ka ga zagaye na hawa mota ba ta ƙara gudu, ga wari kamar an ƙona tsumma. Sa mai ƙarfi amma kar ka wuce gona da iri, wanda ke kamawa kamar tarko bwat, akwatin giya, da kardan mai kai ƙarfi ga taya yake tura ma dukan. Land Cruiser masu 1HZ na baya-bayan nan da yawa bwat R151 gare su, wadda ba ta kai ta masu 1HD ƙwari ba, kar ka ja lodi mai nauyi a giya ta biyat. Otomatik kuma zafi ne ajalinta, ƙara mata radiyatar mai.

Birki da taya ban ma san mi ya sa sai an roƙi mutane ba. Hanyarmu amalanke ne da shanu da ƴan kabu-kabu da yaro da zai ɓullo daga bayan tirela. Man birki na shan ruwa daga iska, a canza shi duk shekara biyu, DOT 4 sabo sai digiri 230 yake tafasa, tsoho kuwa tun da wuri feda ke nutsewa. Duba gefen taya, harafin T na nufin kilomita 190, H 210, V 240, lambobi huɗun ƙarshe na DOT kuma sati ne da shekarar da anka yi ta. Tayar da ta shekara takwas ko zanenta na nan kwalta mai zafi ba ta raga mata.

Ranar ƙarin kansa

Abu guda ake canzawa lokaci guda. A fara da matsi kaɗan, bar 0.3 ko 0.4, a fita hanyar Dan Isa ko ta Dakwaro da rana da lodin da ka saba ɗauka, mutum guda na tuƙi guda na kallon agogo, zafin hayaƙi, matsin turbo, matsin mai, zafin ruwa. A dawo a duba buji in esansi ce, in ka ga farin kansa da ɗige-ɗige kamar barkono ko ƙyallin alminiyom an yi kiliketi, koma baya. In gazwal ce a tsaya bayanta a kalli hayaƙi, ɗan toka-toka lokacin da ka taka sannan ya washe ba komi, wanda ke ci gaba da tuɗaɗowa baƙi a rage pampo. Ka yi sati guda haka kana duba ruwa da mai kowace safiya kafin a ƙara wani ɗan mataki. Wurin da agogo ya fara kusantar iyaka ba nan ake tsayawa ba, ana komowa ƙasa da shi ne, don ranar da za ka samu mai maras kyau ko filta ta toshe tana nan tahe.

Waccan Land Cruiser munka sake mata fistan shida da sagiman da kusine, munka canza kulas don ƴan ɗakunan wutar duk sun tsattsage, sabuwar radiyata, intakula, turbon nan dai nata munka mayar amma bisa bar 0.6, pampo ya tahi benci anka maido shi hankalinsa. Agogon zafin hayaƙin na sa anka ɗaura shi daidai gaban sitiyari, mai ƙara in ya kai 680. Da yaron ya zo ɗauka ya zagaya da ita ya dawo fuska ba walwala, ya ce "maigida ba ta tashi kamar da." Uban na zaune bisa benci da tazbaha bai ko ɗago ba ya ce "da ɗin ai bisa igiya ta dawo gida." Har yanzu tana zuwa bidanji wurinmu, wancan watan ma ta zo, yaron ya ce abin na yi mai ƙara in ya shiga rairayi da lodi, na ce to sauko ta uku.